FASHIN BAƘI: Yadda ake gano ciwon birkin tsohuwar jif kafin ya shanye a tsakiyar titi

Duk lokacin da mota ta ƙwace ta afka wa adaidaita sahu ko 'yan talla a bakin titi, bayanin da ke riga kowa isa wurin shi ne "birki ne ya shanye". Daga nan sai a yi jaje, a janye motar, maganar ta mutu. Sai dai birkin da ke aiki da mai ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Yakan shafe makonni yana ba da alama a ƙarƙashin ƙafar direba, kuma kowace alama tana nuni da wurin da ciwon yake.

Maganar ta fi shafar wurare irin Titin Zariya, daga gadar Dangi, ta Gyadi-Gyadi, ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, har zuwa tashar Unguwa Uku a Ƙaramar Hukumar Tarauni. A wannan tsakani masu jinya na tsallaka titi, adaidaita na tsayawa ba tare da sanarwa ba, manyan motoci na shigowa daga Kaduna da Abuja. A cikin wannan cunkoso ne tsofaffin Land Cruiser da Hilux da Pajero ke zirga-zirga: waɗanda ake zuwa gona da su, waɗanda ke bin ayarin kamfe, da waɗanda hukumomi suka yi gwanjonsu bayan sun gaji. Land Cruiser samfurin 80, alal misali, an ƙera ta ne tsakanin 1990 da 1997, wato mafi ƙuruciyarta ma ta haura shekara 25. Nauyinta ya zarce tan biyu, kuma idan tana gudun kilomita 60 a awa, tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa.

Yadda birkin mai yake aiki

Tushen abin wata ƙa'ida ce da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, ƙarfin matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Ruwa ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa. A kan wannan bambanci aka gina birkin gaba ɗaya.

Idan direba ya taka birki, wata baƙar tukunya da ke bayan injin, wadda makanikai ke kira busta, tana ninka ƙarfin ƙafarsa. Ita ce ke tura fistin a cikin masta, wato famfon da kofin man birki ke zaune a kansa. Masta na tura mai ta bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa tayoyi huɗu. A gaba, kalifa ce ke matse faifan diski da fad biyu. A baya, yawancin tsofaffin Hilux da wasu jif-jif suna da duram, inda ƙaramar silinda ke buɗa takalman birki su goga da cikinsa.

Tun ƙarshen shekarun 1960 aka wajabta a Amurka cewa a raba hanyar man gida biyu, kuma sauran masu ƙera motoci suka bi. Hikimar ita ce idan layi ɗaya ya fashe, ɗayan zai iya tsayar da motar, ko da da ƙyar. Saboda haka motar da ta rasa birki gaba ɗaya, galibi ta daɗe tana tafiya da rabinsa ba tare da an kula ba.

Duba na farko, kafin a taɓa sifana

Bincike yana farawa da buɗe bonet. Kofin man yana da layin sama da na ƙasa. Idan man ya sauka kaɗan a hankali cikin watanni, alama ce ta fad sun cinye, domin fistin ya ƙara fitowa kuma mai ya bi shi. Idan kuwa ana ƙari kowane mako, akwai yoyo, domin man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Ƙara mai ba tare da neman inda yake zuwa ba ɓoye ciwo ne kawai.

Sabon man birki garau yake, da ɗan ruwan ɗorawa. Wanda ya koma kalar shayi mai kauri ko ya yi baƙi ya tsufa, kuma yana ɗauke da ɓurɓushin robobin da suka fara narkewa. Bayan haka sai a leƙa cikin kowace taya. Danshi a bayan duram ko a jikin kalifa yoyo ne. Sai dai a jif akwai mai iri biyu da ke iya bayyana a wurin. Man birki ba shi da kauri kuma ruwa yana wanke shi, man giya kuwa mai kauri ne da wari mai ƙarfi, kuma shi yana nufin robar aksil ce ta mutu. Wanda ya sauya silinda alhali aksil ce ke yoyo zai koma gareji cikin wata guda.

Idan birkin ya yi laushi

Wannan ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma yana da fuska biyu da ake yawan rikitawa. Idan birkin yana nitsewa kamar an taka katifa, kuma ko an yi famfo sau uku ko huɗu bai yi tauri sosai ba, iska ce a cikin layi, ko kuma tiyon roba ya tsufa yana kumbura. Ana gane na biyun ne idan mutum ɗaya ya danne birki da ƙarfi, wani kuma ya riƙe tiyon da hannu yana jin ko ya kumbura.

Idan kuwa takun farko ya yi ƙasa sosai, na biyu ya taso ya tsaya da tauri, zargi ya fi karkata ga takalman baya. Sun yi nisa da duram, don haka takun farko yana ƙarewa ne wajen kai su wurin. A jif da ke shiga taɓo da yashi, ƙaramin haƙorin da ke daidaita takalman da kansa yakan cije da tsatsa. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗan ja birkin hannu, sannan a taka na ƙafa. Idan ya taso sama, matsalar daidaitawa ce, kuma fitar da iska sau goma ba zai warkar da ita ba.

Akwai dalili na uku da ake mantawa. Idan bodin taya ya saki, diski yana rawa yana mayar da fistin ciki yayin tafiya. Alamar ita ce birki yana da kyau a tsaye, amma bayan an sha kwana ko an bi hanya mai gargada, takun farko sai ya zurma. Ana ɗaga tayar da jak a girgiza ta sama da ƙasa don tabbatarwa.

Idan birkin yana sauka a hankali

Direban da ke jiran danja, ƙafarsa a kan birki, sai ya ji tana nitsewa sannu-sannu har ƙasa. Wannan ita ce alama mafi haɗari, kuma motar da ke yin haka ba ta kamata ta ƙara hawa titi ba sai an gyara.

Abu biyu ne ke kawo ta. Idan man kofi yana raguwa, yoyo ne a waje, ko a silinda, ko a kalifa, ko a bututun da tsatsa ta ci, musamman inda taɓo ke maƙalewa a saman shasi. Idan man bai ragu ba kuma ba a ga danshi ko'ina ba, robar cikin masta ce ta cinye, man yana zagaye fistin yana komawa kofi. Irin wannan masta takan yaudari mutum, domin idan aka taka da ƙarfi lokaci ɗaya sai ta riƙe, idan aka taka a hankali sai ta saki.

Wani lokaci man yana raguwa amma ƙasa a bushe. A nan sai a kwance masta a leƙa bayanta, domin takan yi yoyo cikin busta. An fi ganin alamar a fentin da ya kwaile a ƙasan inda suka haɗu, saboda man birki yana cin fenti.

Idan birkin ya yi tauri kamar dutse

Birkin da ya ƙi takuwa kuma motar ba ta tsayawa, mafi yawan lokuta ba matsalar mai ba ce, busta ce ta rasa iskar da take zuƙa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. A kashe injin, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe shi a danne, sannan a tayar da mota. Idan busta na da lafiya, ƙafa za ta ɗan sauka. Idan ba ta motsa ba, sai a bi tiyon da ya haɗa ta da injin a nemi tsagewa, a kuma duba ɗan bawul ɗin da ke bakinsa.

Motar fetur tana samun wannan zuƙa daga injin kai tsaye. Motar gas ba ta da ita, don haka ake sa mata famfo na musamman, wanda a tsofaffin Hilux da yawa yake manne a bayan altaneta. Ma'anar wannan ita ce idan bel ɗin altaneta ya tsinke a hanya, ba caji kaɗai aka rasa ba, birki ma zai yi tauri bayan taku kaɗan. Land Cruiser samfurin 100, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2007, da yawa daga cikinta suna amfani da famfon lantarki da tulun ajiye matsi a maimakon busta. Idan famfonta yana yawan kuka, ko ƙararrawa na tashi tare da jar fitila, gargaɗi ne na ƙarshe, kuma aikin na buƙatar wanda ya san tsarin.

Idan motar tana ja gefe ɗaya, ko taya tana zafi

Motar da ke karkata dama idan an taka birki, ciwonta yakan kasance a hagu, wato ɓangaren da bai kama ba. Ko fistin ɗin kalifa ya cije, ko fad sun jiƙe da mai ko giris. Fad ko takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa da fetur ko ƙonawa da wuta. Sauyawa ake yi, kuma a sauya hagu da dama tare.

Idan kuwa taya ɗaya ce ke zafi da ƙauri bayan gajeriyar tafiya, birkinta ne ba ya saki. A nan akwai gwajin da ke raba gardama tsakanin kalifa da tiyo. A ɗaga tayar, a taka birki a saki, a ga ta ƙi juyawa, sannan a ɗan buɗe noti mai fitar da iska. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, tiyo ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya wuce amma ba ya barin sa ya dawo. Idan ba ta saki ba, kalifar ce. Tiyon da ya ruɓe daga ciki yana iya zama sumul daga waje, shi ya sa ake yawan sayen kalifa a banza.

Idan duka tayoyin ne ke riƙewa yayin da motar ta ɗauki zafi, sai a koma kan masta. Ko dai sandar da ke tura ta an ɗaure ta fiye da kima, ko kuma robobin sun kumbura sun toshe ƙaramar ƙofar da mai ke komawa kofi.

Zafi, damina da tsufan mai

Man birki na yau da kullum yana shan danshi daga iska. Bisa ƙa'idar da ke rubuce a jikin gwangwani, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma digiri 230. Da zarar ruwa ya kai kashi 3.7 cikin 100, ƙa'idar ta sauka zuwa digiri 140 da 155. Idan man ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska, sai birki ya tafi ƙasa babu komai. Bayan rabin awa ya huce ya dawo daidai, direba ya ɗauka abin ya wuce.

Jif ta fi ƙaramar mota fuskantar wannan. Tana ratsa kududdufai a watan Agusta, tana ɗaukar buhuna da mutane, tana tafiya a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, tana kuma gangarowa daga tsaunukan Riruwai ko hanyar Jos da kaya a bayanta. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar da man a sa sabo duk shekara biyu, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. A doguwar gangara kuma, ƙaramar giya ce ya kamata ta riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Bayan an fito daga ruwa, ana ɗan taka birki a hankali ana tafiya har duram ya bushe.

Fitar da iska: inda ake yawan kuskure

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya yi famfo ya danne, ɗayan ya buɗe noti ya rufe kafin a ɗaga ƙafa, ana kuma kula kada kofi ya ƙafe. Al'ada ita ce a fara da tayar da ta fi nisa daga masta. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyari da masta suna hagu, don haka galibi ana farawa da tayar baya ta dama, sai dai idan littafin motar ya faɗi wani tsari.

Kurakurai uku ne ke sa a wuni ana famfo babu sakamako. Na farko, tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul a kusa da aksil ɗin baya da ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya. Shi ma yana da nasa notin, kuma iska takan ɓuya a cikinsa. Idan an ɗaga motar da dogayen sifirin ba a daidaita sandarsa ba, sai ya ɗauka motar babu kaya, ya rage wa baya ƙarfi. Na biyu, idan aka musanya kalifar hagu da ta dama, notin zai koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, don haka ba za ta taɓa fita ba. Na uku, a tsohuwar masta, tura birki har ƙasa yana kai roba wurin da tsatsa ta taru, ta yage. Ɗan katako a ƙarƙashin feda yana hana hakan.

Dabarun da ke kashe mutane

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yunin da ya biyo baya, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kusan duk kayan birki daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu a Kasuwar Ƙofar Ruwa da sauran wurare ya bi dala. Mai motar da ke fama da kuɗin mai yakan nemi hanya mafi sauƙi, kuma a harkar birki araha ba ta ado.

Dabara ta farko ita ce toshe layin tayar da ke yoyo da ƙusa ko matse tiyonta, a ci gaba da tafiya da birki uku. A gudu kaɗan ba a jin bambanci, amma a tsayawar gaggawa motar juyawa take yi. Ta biyu ita ce zuba ruwan omo, wanda ke tafasa a kusan digiri 100 kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Ta uku ita ce zuba man giya ko na sitiyari. Waɗannan daga ɗanyen mai aka samo su, kuma suna kumbura duk wata roba da ke cikin layin, ta yadda gyaran da zai tsaya a silinda ɗaya sai ya koma sauya komai. Haka nan DOT 5 ba ƙanin DOT 4 ba ne, wani sinadari ne daban da ba a haɗa su. Man da aka saya a buɗaɗɗiyar kwalba kuwa ya riga ya sha danshi kafin ya shiga mota.

Idan birki ya tafi ana cikin tafiya, abin yi shi ne famfo da sauri don tayar da layin da ya rage, sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, da jan birkin hannu a hankali tare da riƙe maɓallinsa. Kashe injin yana ƙara tsananta lamarin, domin busta da sitiyari duka za su yi tauri.

Alhakin wa ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, su ne kan gaba wajen kisan masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a. Najeriya ba ta rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Wole Soyinka. Akwai jami'an VIO da ke ba da takardar shaidar lafiyar mota. Akwai KAROTA a Kano, wadda aka kafa a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu. Akwai kuma SON, mai alhakin ingancin man birki da fad da ke shigowa kasuwa.

Takardar lafiyar mota tana da amfani ne kawai idan an gwada motar. A Ingila, motar da ta cika shekara uku dole ta je gwaji duk shekara, inda ake ɗora tayoyinta a kan na'urar da ke auna ƙarfin birkin kowace. Jihar Legas ma ta buɗe cibiyoyin gwaji da kwamfuta. Tambayoyin da suka dace a yi wa mahukunta a bayyane suke: motoci nawa aka gwada birkinsu kafin a ba su takarda a bara, nawa suka faɗi, nawa aka kashe daga kuɗin gyaran motocin gwamnati da ke cikin kasafi, kuma idan rahoton haɗari ya ce birki ne, wane ɓangare ne ya lalace? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan amsoshi a rubuce.

Kafin amsoshin su zo, akwai abin da ke hannun mai mota da direba. Kowace safiya a danne birki na rabin minti a ji ko yana sauka, a kalli kofin mai, a leƙa cikin tayoyi huɗu. Idan aka je gareji, a bayyana wa makanike ainihin abin da ƙafa ke ji, ko laushi, ko sauka, ko tauri, ko ja gefe, a kuma nemi ya nuna ɓangaren da ya lalace kafin a biya kuɗin sabo.